Hoton Haƙori: Na Jadawali ko na Larura?

A shekarar 2016 kaɗai, an ƙiyasta cewa an ɗauki hoton haƙori sau miliyan 320 a Amurka. Da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka ba ciwo ne ya kai su asibiti ba. Sun je a duba musu baki ne kamar yadda suka saba duk wata shida ko duk shekara, aka zaunar da su a kujera, aka ba su ɗan faranti su ciza, aka kara musu bakin na'ura a kunci, kafin ƙiftawar ido an gama. Al'adar ta zauna da gindinta a can, har jama'a suka ɗauka cewa ziyarar likitan haƙori ba ta cika sai da ita. Amma su kansu likitocin sun daɗe suna ja-in-ja a kanta, kuma maganar ta shafi duk wanda wata rana za a ce masa, “Sai an yi hoto.”

Hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko ita ce hoton jadawali, wato a ɗauki kowa idan lokaci ya zagayo, da ciwo ko babu. Ta biyu ita ce hoton larura: likita ya fara duba bakin da idonsa, ya ji tarihin mai shi, sa'an nan ya yanke ko akwai abin da hoto ne kaɗai zai nuna masa. Masu bin kowace hanya likitoci ne da ke son haƙori ya daɗe a bakin mai shi, don haka kowane ɓangare ya cancanci a ba shi kunne har ya dasa aya.

Hujjar masu jadawali mai ƙarfi ce, kuma ta dogara ne a kan iyakar ido. Likita da madubinsa da fitilarsa yana ganin saman haƙori da gefensa, amma ba ya ganin inda turmi ya manne da ɗan'uwansa, ba ya ganin ƙarƙashin tsohon ciko, ba ya ganin saiwa, ballantana ƙashin muƙamuƙin da ke riƙe da ita. Ruɓa kuwa irin waɗannan wurare ta fi so. Takan yi aikin gara a jikin azara, waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Kafin mai haƙori ya ji zafi, sau da yawa ta riga ta kusa jijiya, sai abin da ɗan ciko zai isar masa ya koma aikin kashe jijiya ko cirewa ɗungurungum. Haka ma ciwon dasashi, wanda ke zaizaye ƙashi a hankali ba zafi, sai mutum ya wayi gari haƙoransa na girgiɗi. Tun 1925, lokacin da Howard Raper, wani likitan haƙori ɗan Amurka, ya fito da hoton nan da ake cizawa, mai nuna tsakanin turamen sama da na ƙasa a tashi ɗaya, likitoci suka sami hanyar leƙa waɗannan lunguna. Masu jadawali suna cewa, tunda ciwon ba ya yin sallama, zaman jiran sallamarsa ganganci ne.

Masu larura ba su musanta ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tambayarsu ita ce, wa ke buƙatar leƙen, kuma sau nawa? Ruɓa ba ta gudu iri ɗaya a kowane baki. A haƙorin babban mutum mai goge baki da man da ke da fulorayid, wanda bai ɗauki zaƙi da zafi ba, takan yi shekara uku ko huɗu kafin ta huda farin ɓawon nan mai tauri, wani lokaci ma ta tsaya cak a hanya. A haƙoran yaro da bai yi famfara ba kuwa, ɓawon siriri ne, ruɓar ta fi sauri. Haka a bakin wanda magani ya busar wa da miyau, ko mai yini da alewa da lemon kwalba. Idan aka ɗora waɗannan mutane duka a kan jadawali ɗaya, to ko dai an yi wa wani yawa, ko an yi wa wani kaɗan.

Sai maganar da ta fi tayar wa jama'a hankali, wato hasken nan mai ratsa jiki. Tsoronsa yana da asali, kuma likitocin haƙori na cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsa. Wilhelm Röntgen ya gano hasken eksire a garin Würzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba, 1895. A farkon 1896, wani likitan haƙori a garin Braunschweig, Otto Walkhoff, ya sa farantin gilashi a bakinsa ya zauna a gaban hasken minti 25 don ya sami hoton haƙoransa. A birnin New Orleans na Amurka kuma, Edmund Kells ya shiga aikin a wannan shekarar, ya yi shekaru yana sa hannunsa a hasken ba tare da wata kariya ba. Kansa ta kama hannun, aka yi ta yanke masa yatsu, daga baya hannun gaba ɗaya, ya rasu a 1928. Tun 1901 William Rollins, shi ma likitan haƙori a Boston, ya nuna cewa hasken na kashe dabbobin gwaji, ya yi kira da a lulluɓe na'urar da dalma, amma aka daɗe ba a saurare shi ba. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai raina mai tambaya ba.

Sai dai hoton yau ba na Walkhoff ba ne. Minti 25 ya koma ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ana auna hasken da ya shiga jiki da ma'aunin sibat, amma a nan ƙanƙanin yankinsa ake amfani da shi, maikirosibat, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Kowane ɗan Adam, ko bai taɓa taka asibiti ba, yana karɓar kimanin maikirosibat 2,400 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama, wato wajen shida da rabi a kowace rana. Wasu wurare sun fi haka, kamar inda aka jibge tarkacen haƙar kuza a Jos. Hoton cizo guda huɗu, idan aka ɗauke su da kayan zamani yadda ya kamata, kimanin maikirosibat 5 ne, bai kai na yini ɗaya ba. Babban hoton da ke zagaye muƙamuƙi daga kunne zuwa kunne yana tsakanin 14 da 24. Maniyyacin da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yana karɓar fiye da na hoton cizo huɗun nan a cikin jirgi, don hasken sararin sama yana ƙaruwa da nisa daga ƙasa. Hoton siti-sikan na kai kuwa wajen 2,000 ne. Wannan lissafi yana gefen masu jadawali, kuma suna da gaskiya su riƙe shi.

Amma a cikin lissafin akwai abin da masu larura ke nunawa da yatsa. A 2008, John Ludlow na Jami'ar North Carolina da abokan aikinsa sun auna hoton baki gaba ɗaya, mai faranti wajen 18. Da bakin na'ura mai kusurwa huɗu, wanda ke taƙaita hasken daidai girman faranti, sun sami kimanin 35. Da zagayayyen baki da fim mai saurin kamawa, ya haura 170. Da zagayayyen baki da tsohon fim mai nawa, ya kai 388. Hoto iri ɗaya, baki ɗaya, amma bambancin ya kai ninki goma sha ɗaya. Ga kuma sabuwar na'urar da ke fitar da muƙamuƙi ta kowace fuska a kwamfuta, wadda haskenta ke farawa daga gomomi ya kai ɗaruruwa. Ke nan idan aka ce hoton haƙori ɗan kaɗan ne, akwai sauran tambaya: wane hoto, da wace na'ura, a hannun wa?

Shin ɗan kaɗan ɗin yana jawo kansa? A nan ilimi ya yi magana da taka-tsantsan. Daga bibiyar waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da Nagasaki na 1945, an tabbatar cewa kansa na ƙaruwa idan hasken ya haura kimanin maikirosibat 100,000. Ƙasa da haka sosai, ƙarin ya yi ƙanƙantar da ba a iya rarrabe shi daga kansar da ke kama mutane dama can. Hukumomin kariya na duniya sai suka zaɓi su yi aiki da zaton cewa haɗarin na raguwa daidai da raguwar hasken, amma ba ya kai wa sifili. A kan wannan zato, hoton cizo huɗu na ɗauke da haɗarin kimanin ɗaya cikin miliyan huɗu. Masu jadawali sun ce wannan ba abin da zai hana kowa barci ba ne. Masu larura sun amsa cewa haka ne ga mutum ɗaya a rana ɗaya, amma haɗari komai ƙanƙantarsa sai an biya shi da amfani, kuma hoton da ba a nemi komai a cikinsa ba bai biya komai ba. Sun ƙara da cewa jikin yaro ya fi na babba jin hasken, ƙullin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo, wanda likitoci ke kira tayirod, yana dab da muƙamuƙi, kuma yaro yana da shekaru masu yawa a gaba da lahani zai iya bayyana a cikinsu.

Bincike biyu ne suka fi yawo a bakin masu tsoro. A 2012, Elizabeth Claus ta Jami'ar Yale ta fitar da bincike a mujallar Cancer, inda aka gwada mutum 1,433 masu wani ƙari da ke fitowa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da mutum 1,350 marasa shi. Masu ƙarin sun ninka sauran wajen cewa an taɓa yi musu hoton cizo. Kafin nan, a 2010, wani bincike a Kuwait a kan mutum 313 masu kansar tayirod ya nuna alaƙa makamanciyar wannan. Ba a watsar da irin wannan sakamako. Sai dai duka biyun tambayar mutane aka yi abin da suka tuna, ba a buɗe takardunsu na asibiti ba, kuma wanda aka ce masa yana da ƙari a kai yakan tona baya da ƙwazon da mai lafiya ba zai yi ba. Yawancin hotunan ma an ɗauke su ne shekaru da dama da suka wuce, lokacin da hasken ya fi na yanzu yawa. Binciken Yale kuma bai sami irin wannan alaƙa a fili da hoton baki gaba ɗaya ba, alhali shi ya fi hoton cizo haske, kuma da hasken ne sanadi da a nan ya kamata abin ya fi fitowa. Don haka binciken ya isa ya sa a yi hattara, amma bai isa hujjar cewa hoton ne ya jawo ƙarin ba.

A ganina, wurin da ma'aunin ya fi motsi ba a cika maganarsa ba. Hoto ba ya faɗin gaskiya tsantsa. Ruɓa ba ta bayyana a cikinsa sai haƙori ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'adininsa a wurin, kuma inuwar da haƙora ke yi wa juna takan yi kama da ruɓa. A 2021, cibiyar Cochrane ta tattara bincike masu yawa a kan gano ruɓa tun tana farawa, ta sami cewa cikin wurare 100 masu ruɓar gaske hoto na kama kimanin 47, cikin wurare 100 lafiyayyu kuma yana ɗora wa wajen 12 laifin da ba su yi ba. A bakin da ruɓa ta yi yawa, wannan kuskure abin jurewa ne. A bakin da yake lafiya kuwa, inda kusan ko'ina garau yake, inuwar ƙarya tana iya rinjayar ta gaskiya. Masu bincike a Jami'ar São Paulo ta Burazil sun gwada haka a kan yara sama da 200 'yan shekara uku zuwa shida, wasu aka duba su da ido kawai, wasu da ido da hoto. Ƙara hoton bai sa yaran sun fi lafiyar baki ba, sai ma ƙarin ciko a wuraren da ba su buƙata. Haƙorin da aka taɓa hudawa kuwa ba ya komawa yadda Allah ya halicce shi. Kowane ciko yana da wa'adi, idan ya lalace a sake shi da wanda ya fi shi girma, har wata rana a kai ga jijiya. Wannan lahani ba na zato ba ne, ana ganinsa a kujerar likita.

Adalci dai ya sa a faɗi amsar masu jadawali. Ganin inuwa a hoto bai wajabta huda haƙori ba. Likita nagari zai shafa fulorayid, ya gyara wa mutum yadda yake goge baki da abin da yake ci, ya dawo da shi bayan wani lokaci ya ga ko inuwar ta ƙaru. Wannan gwadawar kuwa ba ta yiwuwa sai akwai hoton baya da za a ajiye kusa da na yanzu. Hanyar larura ma tana da rauninta: ta jingina ne a kan likita mai haƙurin dubawa da tambaya, da marar lafiya mai faɗin gaskiya game da zaƙi da taba, wanda kuma zai dawo idan an ce ya dawo. Jadawali ba ya mantuwa, ɗan Adam yana yi. Su kuma masu larura suna nuna cewa jadawalin shekara-shekara a Amurka ya yi daidai da yadda kamfanonin inshora da yawa ke biyan kuɗin hoton cizo sau ɗaya a shekara, ga tsoron ƙara a kotu idan an rasa wani abu. Ba zargin kowa da cuta ake yi ba, amma al'adar da tsarin biya ya haifar ba dole ne ta dace da buƙatar kowane baki ba.

Ƙungiyar Likitocin Haƙori ta Amurka da Hukumar Abinci da Magunguna ta ƙasar sun auna duk wannan a ƙa'idojin da suka sabunta a 2012. Sun ce a fara duba baki kafin a yi umarnin hoto. Babban mutum marar ruɓa kuma marar alamar haɗari, hoton cizo duk wata 24 zuwa 36 ya ishe shi. Babba mai ruɓa ko mai haɗarinta, wata 6 zuwa 18. Yaro mai haɗari, wata 6 zuwa 12, marar haɗari kuma wata 12 zuwa 24, shi ma sai idan haƙoran sun manne yadda ido ba ya ganin tsakaninsu. Akwai dai ƙidayar watanni a cikin waɗannan ƙa'idoji, amma bakin mutum ne ke zaɓar masa layinsa. A farkon 2024 ƙungiyar ta ƙara da shawarar da ta ba mutane da yawa mamaki, cewa a daina sa wa marasa lafiya rigar dalma da abin wuyanta. Dalilinta shi ne, na'urar zamani ta taƙaita hasken a inda ake nufi, ɗan abin da ke fantsama a cikin jiki yake fantsama inda riga ba ta tarewa, kuma rigar takan shiga hoto ta ɓata shi a sake ɗauka. Kariyar da ta fi riga ita ce bakin na'ura mai kusurwa huɗu, da faranti mai saurin kamawa, da barin hoton da ba a buƙata. Game da mai juna biyu kuwa, ƙungiyar likitocin mata ta Amurka ta bayyana tun 2013 cewa hoton haƙori ba shi da illa gare ta, kuma barin ciwon baki ba magani shi ya fi zama abin gudu.

A ƙasashenmu, irin su Najeriya, matsalar akasin haka take. Ba mu da jadawalin da za a yi kukan ya yi yawa. Yawancin mutane ba su ganin likitan haƙori sai an gama da kanumfari da ruwan gishiri da maganin kemis, kunci ya kumbura, barci ya gagara. A wannan hali hoto ne ke nuna ko mugunya ta taru a gindin saiwa, ko saiwar ta lanƙwashe yadda cirewa za ta yi wuya, ko turmin ƙarshe ya kwanta a cikin ƙashi. Mugunyar turmin ƙasa tana iya gangarawa ƙarƙashin harshe da wuya ta toshe numfashi, kuma tana kisa. Akwai kuma wani ƙarin muƙamuƙi da likitoci ke kira amilobilastoma, mai girma a hankali ba zafi, wanda asibitocin koyarwa na Najeriya suka saba karɓa bayan ya ci ƙashi da yawa, alhali hoto ɗaya tun kumburin yana ƙarami zai iya nuna shi. Idan tsoron da aka kwaso daga muhawarar Amurka ya hana irin wannan mutum hoto, an cuce shi. Abin da ya dace mu sa wa ido a nan shi ne lafiyar na'urorin, da horon masu sarrafa su, da kada a riƙa sake ɗauka saboda fim bai wanku ba, da kada ma'aikaci ya riƙe faranti da yatsansa a bakin marar lafiya kamar yadda aka yi a zamanin Kells. A Najeriya akwai hukumar da dokar 1995 ta kafa don kula da duk abin da ya shafi nukiliya da irin wannan haske, wadda ta fara aiki a 2001, kuma na'urorin asibiti na cikin huruminta.

Da aka ajiye su gefe da gefe, ni dai hanyar larura nake ganin ta rinjaya, amma da sharaɗin ta ɗauki abin kirkin da ke cikin jadawali, wato bibiya a kan kari ga wanda bakinsa ya nuna yana buƙata. Hasken hoton haƙori bai kai abin da zai sa mai ciwo ya ja da baya ba, kuma ƙanƙantarsa ba ta zama izinin ɗaukar mai lafiya don kawai shekara ta zagayo ba. Mai karatu, idan aka ce za a yi maka hoto kafin a duba bakinka, ka nemi a fara dubawa. Idan likita ya duba ya ce sai an yi, ka tambaye shi abin da yake so ya gani, ka gaya masa lokacin da aka yi maka na ƙarshe, ka kawo shi idan yana hannunka. In ya ba ka dalili, ka yarda a yi, kai da ɗanka da mai ɗakinka ko da tana da ciki. Idan kuwa kunci ya kumbura, ko haƙori ya fara girgiɗi ba ka faɗi ba, ko muƙamuƙi ya sauya kama, ka nufi asibiti a ranar.